Tekun Man-bok a Shagon Aski

Mijin yayata, Tak Man-bok, mai aski ne a layinmu da ke gangaren Yeongdo, kuma da a ce da baki ake aski, da tuni babu sauran gashi a kan kowa a Busan. Shagona na yankan makulli bango ɗaya ne da nasa, saboda haka duk abin da yake faɗa wa masu zuwa aski ina ji, ko ina so ko ba na so. Yawancin hirarsa kuwa ta teku ce. Ya yi aikin soja a rundunar ruwa, wannan gaskiya ne. Abin da yake mantawa bai faɗa ba shi ne, tun ranar da ya shiga har ranar da aka sallame shi, aski yake yi wa sojoji a barikin da ke kan tudu. Sau ɗaya muka taɓa hawa jirgin ruwa tare, za mu biki. Tun ba a kwance igiya ba ya rungume bokiti, bai sake shi ba sai da muka sauka, sannan ya ce kifin da yayata ta soya masa da safe ne bai dahu ba.

Abin ya samo asali ne lokacin da wata matashiya, Pyo Ga-eun, ta buɗe shagon gyaran gashi daidai tsallaken titi. Ta jera tukwanen furanni a ƙofa, tana ba da shayi kyauta, ga wata farar mage mai ƙiba da ke wuni tana barci a taga. Samari suka fara tsallakawa, Man-bok ya ce ai dama ba su san aski ba. Magidanta suka bi, ya ce shayin banza ne ya ja su. Amma ranar da ya hango mai unguwa Bong, wanda shekara da shekaru shi ke masa aski, ya tsaya a bakin tagar can yana yi wa magen wasa da yatsa, sai ya ajiye almakashi ya leƙo shagona.

"Dal-su, rufe shagon nan ka raka ni. Ita tana da mage, ni zan kawo teku."

Na tambaye shi ko a ina zai ajiye tekun, tunda ko kujera ta uku shagon bai ɗauka ba. Ya ce shi ya sa nake yankan makulli har yau, ba ni da hangen nesa. Ɗan akwatin gilashi zai sa a taga, da murjani mai rai irin mai tsirowa a ƙasan teku, da kifaye masu launi, irin wanda ake gani a manyan otal. Kafin ma mu bar layin ya sanar da kowa cewa Asabar ɗin farko ta watan gobe za a buɗe, mai unguwa ne zai yaye ƙyallen, sannan a yi masa aski kyauta a gaban teku.

Mai sayar da kayan kifin mutum ne mai haƙuri. Da ya ga Man-bok ya zaɓi akwatin da bai fi tukunyar dafa shinkafa girma ba, ya gaya masa cewa ƙaramin ya fi babba wuyar riƙo, don ruwan ba ya da yawa, abu kaɗan ke ɓata shi. Ya ce sai an sa gishiri na musamman da tataccen ruwa, a sa dutse kaɗai a bar shi makonni ruwan ya nuna kafin a kawo wani abu mai rai, kuma ga wata 'yar na'ura ta auna gishiri. Man-bok ya saurare shi yana murmushi irin na babban da yaro ke koya wa cin abinci.

"Malam, ka taɓa kwana a kan teku?"

Mutumin ya ce a'a.

"To ni ka gan ni nan, ruwan gishiri ne a jijiyata."

Na so in ce na ga lokacin da ruwan yake fitowa, a bokiti, amma akwatin yana hannuna, ban so ya sa ni biya in ya faɗi. Muka fito da akwati, da famfon juya ruwa, da fitila, da wani dutse mai ramuka da ake ce wa mai rai. Gishiri da na'ura kuwa ya bar wa mai su. Ya ce gishiri gishiri ne, harshensa kuma ya fi kowace na'ura.

Gishirin da ya samu shi ne na yayata Sun-rye, buhun da ta ajiye tun bara yana tsanewa don haɗa kimcin hunturu, wato kabejin da ake jiƙawa da gishiri da yaji, buhun da ko ni ƙaninta ba ta bari in taɓa. Ya tara ruwan famfo, ya riƙa zuba gishirin da kofin wankin kai, yana juyawa da mataji. In ya zuba sai ya tsoma yatsa ya lasa, ya kalli rufi, ya ce wannan bai wuce bakin gaɓa ba. Ya ƙara, ya lasa, ya ce yanzu an kusa tsakiya. Da yayata ta shigo ta ga bakin buhunta a buɗe, ba ta ɗaga murya ba. Ta tambaye shi kawai ko kifayen ne za su ci shinkafa da shi a watan sanyi, tunda kimci dai babu. Ya ce mata mace ba ta gane manyan ayyuka sai an gama su. Daren ranar a shagona ya ci taliyar kwali.

Washegari dutsen ya fara wari. Mai sayarwa ya faɗa cewa zai yi, kuma a ƙyale shi, amma Man-bok ya ce shi shagonsa ba a san shi da ƙazanta ba. Ya ciro dutsen, ya wanke shi tas da sabulun wankin kai mai ƙamshin lemo, ya goge ramukan da buroshi, ya busar da shi da injin busar gashi, ya mayar. Da ya kunna famfo sai kumfa ta taso. Ta cika akwatin, ta gangaro kan tebur, ta bi ƙasa har bakin ƙofa. Inna Mal-ja, mai sayar da kifi a ƙarshen layi, ta tsaya da kwandonta tana kallo, ta tambaye shi ko wankin kai zai fara yi wa kifaye tunda mutane sun ƙaurace. Ya ce mata wannan ita ce kumfar igiyar ruwa, duk wanda ya san teku ya san ta. Ta ce shekararta arba'in tana gyaran kifi, ba ta taɓa jin tekun da ke ƙamshin lemo ba.

Ya zubar da komai. Ya ce dama gwaji yake yi, yanzu zai ɗebo ainihin ruwan daga tushe. Ya ɗauki bokiti ya gangara tashar jiragen kamun kifi, inda ake wanke injuna. Ya dawo a jiƙe har wuya, takalmi ƙafa ɗaya, bokitin rabi, da wani maiƙo mai launin bakan gizo yana yawo a sama. Ya ce ba faɗawa ya yi ba, shiga ya yi don ya ɗebo na ƙasa wanda ya fi kyau. Launin kuwa, a cewarsa, alamar ruwa mai lafiya ce. Na ce masa in ya kusantar da ashana za mu ga iya lafiyarsa.

Da ranar buɗewa ta fara matsowa, sai ya koma wurin mai kayan kifi, wannan karon shi kaɗai. Ya dawo da sabon dutse, da murjani iri-iri, kore da ja da ruwan hoda, da ƙananan kifaye masu ratsi, ya juye su gaba ɗaya a rana guda. Gaskiya ranar abin ya yi kyau. Yara suka manna fuska a taga, har Ga-eun ta leƙo daga tsallake. Man-bok ya tsaya a ƙofa hannu a ƙugu, yana gaya wa duk mai wucewa cewa masu cewa a jira makonni matsorata ne.

Fitilar akwatin shuɗiya ce, kuma ya lura murjanin ya fi walƙiya in an kashe sauran fitilu, don haka ya kashe su duka. Shagon ya koma kamar ɗakin ajiye gawa. A cikin wannan hasken tsoho Gil ya zo a rina masa furfura, don jikarsa za ta yi aure a ƙarshen mako. Man-bok ya haɗa rini yana ba da labarin wata guguwa da ya taɓa tsira daga gare ta, ya shafa, ya wanke, ya nuna masa madubi, dukansu suka yarda ya yi baƙi wuluk. Sai da tsohon ya fito rana aka ga kansa ya koma launin gauta mai ruwan shunayya. Ya tsaya a gaban tagata yana kallon kansa. Man-bok ya biyo shi yana cewa haka manyan mutane ke yi yanzu a Seoul. Tsoho Gil ya ja hularsa har kunne, ya tsallaka titi.

Daga nan tekun ya fara nuna halinsa. Zafin fitila da injin busar gashi suna shanye ruwan, kullum sai ya ragu. Man-bok kuwa duk abin da ya ragu sai ya cike shi da sabon ruwan gishiri, bai yi tunanin cewa ruwan ne ke tashi, gishirin yana nan zaune ba. Murjanin ya tsuke, ya ce kunya ce, bai saba da mutane ba. Gansakuka ta rufe gilashin, ya ce ganyen teku ne, ya tsiro ne don ya ji kamar a gida yake. Sannan kifayen suka fara ɓacewa. Yau a wayi gari babu ɗaya, gobe babu wani, ko gawa ba a gani.

Bai yi dogon bincike ba. Ya cire rigar aski, ya tsallaka wurin Ga-eun, ni kuma na bi shi don kada in rasa abin da zan ba wa yayata labari.

"Yarinya, ki ja wa magenki kunne. Kifayena ba abincin gidanku ba ne."

Ga-eun ta kalli magen, wadda ke kwance rigingine ƙafafu a sama.

"Kawu, wannan ko kwanonta sai an matso mata da shi. Ta ina za ta shiga shagonka?"

"Ɓarawo ba ya faɗin ta inda yake shiga."

"In ta iya buɗe makullin da Kawu Dal-su ya sa maka, ka bar min ita, kasuwa zan kai ta."

Matan da ke zaune da abin naɗe gashi a ka suka kwashe da dariya. A can kusurwa tsoho Gil yana zaune ana ƙoƙarin dawo masa da kansa launin mutane, ya juya wa bango fuska. Man-bok ya ce maganar ba ta ƙare ba, ya fito.

Yana dawowa ya naɗe hannun riga, ya ce zai gyara zaman dutsen don ya toshe wa ɓarayi hanya. Ya zura hannu a ramin da ya fi girma. Ihun da ya yi har Inna Mal-ja ta ji a ƙarshen layi. Ya zaro hannu, ga wata ƙaguwa mai gashi-gashi maƙale da babban yatsansa, ta yi ɓul-ɓul da ita. Ashe a cikin sabon dutsen ta zo, tana ɓoye, tana cin kifi ɗaya bayan ɗaya. Ya yi ta yarfe hannu yana zagaya kujera har ta saki, ta faɗi, ta shige ƙarƙashin kabad. Na tambaye shi ko in je in ba magen haƙuri a madadinsa. Ya ce ai haɗa baki suka yi.

Ana gobe buɗewa, murjanin ya gama jin kunyarsa ya mutu. Ya yi fari fat, naman yana saɓulewa, warin kuwa har ya ratso bango ya same ni. Yayata ta toshe hanci ta ce masa ya je ya gaya wa mai unguwa an ɗaga. Ya ce shi Tak Man-bok bai taɓa ɗaga magana ba. Ya lulluɓe akwatin da jan ƙyalle, ya kulle shago da wuri. Da sassafe na hango shi yana hawa motar da ke tsallaka gada zuwa babbar kasuwar kifi, da hula har gira da ƙyallen rufe hanci, kamar mai zuwa fashi. Ya dawo da baƙaƙen ledoji, ya shige, ya saki labule.

Da hantsi layin ya cika. Ya ɗaura jan zare a ƙofa, ya sa rigar da ya yi auren 'yarsa Hye-rin da ita, babban yatsansa naɗe da bandeji kamar kan taɓarya. Mai unguwa Bong ya iso da sabuwar kwat. Tsofaffin layi suka jeru, yara suka cika taga, Ga-eun ta tsaya a ƙofarta da kofin shayi. Man-bok ya yi jawabi mai tsawo, ya ce abin da za su gani bai taɓa shigowa ƙasar nan ba, murjani ne daga can kudu mai nisa, wani tsohon abokinsa kyaftin ne ya aiko masa. Sunansa Kambin Sarauniya. A tsakaninsu kuma akwai Sarkin Rami, wanda ba ya fitowa sai ya ga mutumin kirki.

Mai unguwa ya ja ƙyallen.

A cikin shuɗin haske, jere a kan dutse, ga wasu jajayen abubuwa masu ƙuraje, kowanne kamar ƙaramar abarba. Aka yi shiru. Ba shirun mamaki ba ne, shiru ne na mutanen da suka ga ɗan gidansu ya sa gemun roba ya ce shi baƙo ne. Monge ne, wata halittar teku da ake ci, kuma babu yaron da ke wurin da bai taɓa cinsa ɗanye da yaji ba, a kowane lungu na kasuwa ana tara shi a baho.

Inna Mal-ja ce ta fara magana.

"Baban Hye-rin, sun haɗa maka da yajin ko ka manta ka karɓa?"

Ya ce kama ce kawai, dangi ne na nesa, jahilci ne ke sa a haɗa su. Ta ce to kyaftin ɗin nasa mace ce mai jar riga a layin sari, don ita Inna Mal-ja tana tsaye a bayansa da safe lokacin da yake roƙon a ƙara masa ɗaya. Kafin ya amsa ta tsoma hannu ta ciro ɗaya, ta juya shi, ta matsa. Ruwan ya yi tsartuwa ya same shi a ido. Dariya ta ɓarke har waje, mai unguwa ya rufe baki da hankici yana tari.

Man-bok ya goge fuska, ya ce lokacin aski ya yi. Ya zaunar da mai unguwa, ya ɗaura masa ƙyalle a wuya, ya kunna injin, yana riƙe da shi a karkace saboda bandejin. Wani yaro ya tambaya ina Sarkin Ramin yake. Ya ce yana nan yana nazarin jama'a.

Ni na fara ganinsa. Ba ya cikin akwatin. 'Yar halittar nan ce mai hannu takwas, irin wadda ake yankawa tana motsi a faranti, kuma da alama ta ɗanɗani ruwan Man-bok ta ga gara tudu. Ta fito ta bayan akwatin, ta bi wayar fitila, ta haye kantar da ke saman madubi, tana jan jiki tsakanin kwalaben man gashi. Na buɗe baki zan yi magana, yayata ta taka min ƙafa.

Halittar ta sako hannu ɗaya, ta sako na biyu, sannan ta faɗo gaba ɗaya a ƙeyar mai unguwa, ta zura hannu cikin kwalar rigarsa. Mutumin ya zabura ya miƙe. Injin da ke kansa ya bi ta tsakiya tun daga goshi har ƙeya, ya buɗe titi fari tas. Ƙafarsa ta shuri teburin, akwatin ya yi tangaɗi, Man-bok ya saki injin ya rungumo shi, amma bandejin ya zame. Tekun ya kife. Ruwa ya watsu kan wayoyi, wani abu ya yi ƙara, wuta ta ɗauke har a shagona. Kambin Sarauniya ya gangara tsakanin ƙafafun mutane har bakin kwata, ƙaguwar nan ta fito daga ƙarƙashin kabad ta bi ruwa ta fice abinta.

Mai unguwa ya ɓamɓare Sarkin Rami daga wuyansa, hannu ɗaya bayan ɗaya, ya miƙa wa Inna Mal-ja. Ya kalli madubi. Da ƙyallen a wuyansa, takalma suna fitar da ruwa, ya ratsa jama'a ya tsallaka titi. Ga-eun ta ajiye kofinta ta buɗe masa ƙofa, ta ce ya zauna, za a ga abin da za a iya cetowa. Tun daga wannan ranar, a can yake aski.

Yayata ba ta son asara. Ta bi ta tsince mongen a baho, ta wanke su sau da yawa a famfo, Inna Mal-ja ta zaro wuƙarta ta feɗe su nan take, ta yanka mai hannu takwas ɗin, aka kawo yaji da tafarnuwa da ganye. Muka fito da benci ƙofar shagona, mutanen da suka zo kallon teku suka zauna suna cinsa. Har tsoho Gil ya matso, hularsa a ka.

Man-bok ya daɗe a cikin duhun shagonsa, zaune a kujerar aski, ƙafafu cikin ruwa. Har na fara jin tausayinsa, na tashi zan kai masa faranti. Sai ga shi ya fito yana matse bakin wando. Ya ture ni gefe, ya zauna a tsakiyar benci, ya ɗauki tsinken cin abinci, ya zaɓi yanka mafi girma ya dangwala a yaji. Ya tauna a hankali, ido a lumshe, sannan ya kalli jama'a ɗaya bayan ɗaya.

"Ku faɗi gaskiya," in ji shi, "duk faɗin Busan, wa kuka sani da ya taɓa kiwon murjanin da ya yi daɗi haka?"

Bakin kowa a cike yake, babu wanda ya iya amsawa. Ya gyaɗa kai ya ce shi ma haka ya gani, ya miƙa hannu ya ƙara.